Amanar Kifayen Yaya

Ranar da na gaya wa wasu 'yan uwa marubuta, bayan an tashi daga taronmu na wata-wata, cewa na taɓa shafe mako biyu ina yawon neman hita saboda kifi, dariya suka yi ta yi har da masu riƙe ciki. Wani ya ce shi dai iyakar saninsa, kifi da ruwan zafi ba sa haɗuwa sai in za a yi farfesu. Ban ga laifinsu ba, domin ni ma kafin shekarar 2018 da wani ya zo mini da wannan zance dariyar zan yi masa. To amma tunda edita ya matsa lallai sai na kawo wani abu a wannan fitowa, na ga gara in ba da labarin yadda abin ya faru, ko Allah zai sa wani ya kauce wa abin da ya same ni. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Yayana, Allah ya jiƙansa, a Lakwaja ya yi aiki shekara da shekaru. Mutum ne marar yawan magana, ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abin da kawai ya ɗauke masa hankali shi ne wani tankin gilashi da ya girke a falonsa, mai cin ruwa lita 100, da kifayen ado suna ta kai da kawo a ciki. Akwai waɗansu ƙanana masu wutsiya kamar mafici, su wajen 20, waɗanda ake kira gufi. Akwai kuma manya guda 4, faffaɗa, masu zane-zanen baƙi da dogayen fikafikai, waɗanda masu sana'ar ke kira anjel, amma 'yarsa ta raɗa musu suna masu alkyabba. Duk lokacin da na kai masa ziyara nakan zolaye shi in ce, "Yaya, ga Neja ga Binuwai a ƙofar gidanka, ga tarwaɗa ga karfasa, amma ka ɓuge da kiwon kifin da ko miya ba zai yi ba." Sai ya yi murmushi kawai ya ci gaba da barbaɗa musu abinci.

A watan Mayu na 2018 Allah ya yi masa rasuwa. Bayan matarsa ta fita takaba, dangi suka zauna aka yanke shawarar 'yarsa, mai shekara 9 a lokacin, ta dawo hannuna a Jos. Sunan mahaifiyarmu ta ci, saboda haka Uwata nake ce mata. Da aka zo kwasar kaya ba ta yi magana a kan komai ba sai a kan tankin nan. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Baffa, da su za mu tafi ko?" Na ce da su za mu tafi. Haka muka juye kifayen a bokitai masu murfi, muka naɗe tankin da katifa, muka kamo hanya, har Allah ya kawo mu gida babu ko ɗaya da ya mutu. Na ji a raina na cika namiji, na kuma ɗauka wahalar ta ƙare ke nan.

Ashe ban san na raba su da babban gatansu ba, wato zafin Lakwaja. Yaya bai taɓa sayen hita ba don bai taɓa bukatarta ba. Jos kuwa gari ne da ke kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma duk wanda ya taɓa kwana a cikinsa a watan Disamba ko Janairu ya san ba a yi wa ɗarinsa wasa. Da hunturu ya kankama sai na lura kifayen sun rage kuzari. Masu alkyabba suka koma kusurwa guda suka takure fikafikansu, ƙananan kuma suka daina rububin abinci. Bayan 'yan kwanaki sai ga waɗansu fararen ɗigo-ɗigo a jikinsu kamar an yayyafa musu gishiri, suna ta goga jiki da duwatsun da ke ƙasa. Kafin mako ya zagayo mun tsame gawar gufi 7.

Wani maƙwabcina, malamin kimiyyar halittu a makarantar sakandare, shi ya fara buɗe mini ido. Ya tsoma yatsa a ruwan ya girgiza kai, ya ce, "Malam, ai sanyi ne ke kashe su." Ya yi mini bayani cewa kifi ba kamar mu yake ba, jikinsa ba ya riƙe ɗuminsa da kansa, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Su masu alkyabba asalinsu daga kogunan yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, gufi ma daga wancan ɓangaren duniya ya fito, wajen Tirinidad da Benezuwela, kuma sunan nasa ma na wani Bature ne, Robert Guppy, wanda ya aika da samfurinsa daga Tirinidad zuwa Landan a 1866. Irin waɗannan kifaye sun fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. In ruwa ya yi sanyi ƙasa da haka ya daɗe, ko kuwa yana hawa da rana yana faɗuwa da dare, sai garkuwar jikinsu ta yi rauni, wata 'yar ƙwayar cuta da ke maƙalewa a fata ta sami ƙofa. Ita ce fararen ɗigon da muke gani. Ya ce in nemi maganin cutar wajen masu sayar da kifin ado, amma magani ba zai yi amfani ba sai da hita.

Da jin hita sai zuciyata ta tafi ga irin wadda muka sani a makarantar kwana, wadda ake jefawa a bokiti a jona, kafin ka gama goge takalmi ruwa ya tafasa. Malamin ya yi dariya ya ce in rufa wa kaina asiri. Ta tankin kifi daban take. Wani dogon bututu ne, galibi na gilashi, a rufe ruf yadda ruwa ba ya shiga, da waya mai ɗaukar zafi a ƙasansa, da wani ɗan makunni a samansa wanda ke kunna kansa in ruwa ya yi sanyi, ya kuma kashe kansa in ɗumi ya kai inda aka saita. Turawa na ce masa tamostat. Ya ce kafin a ƙirƙiro wannan, masu kiwon irin wannan kifi a Turai fitila suke kunnawa a ƙarƙashin tanki mai gindin dutse, su yi ta gadinta.

Washegari na shiga kasuwa, kuma a nan ne na tafka kuskuren da har yau in na tuna sai na ji kunyar kaina. A wani shago na tarar da sabuwa fil a kwalinta, mai wat 100, amma kuɗinta ya yi mini nauyi, ga shi wata ya yi nisa. A wani shagon na 'yan kayan hannu sai ga wata doguwa, an rubuta wat 300 a jikinta, kuɗinta kuma bai kai rabin na waccan ba. Mai shagon ya jona ta a roba da ruwa, 'yar fitilarta ta kama, ya sa na taɓa na ji ɗumi. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ta ninka waccan uku a ƙarfi." Na ce a raina, ga ƙarfi ga araha, me kuma ake nema? Ban tambayi shekarunta ba, ban tsaya na ga ko tana kashe kanta ba, ban kuma sayi ma'aunin zafi ba, don a ganina lambobin da ke jikin hitar sun wadatar.

Mako uku muna cikin jin daɗi. Ɗigon ya baje, kifaye suka warware, Uwata ta koma zama a gaban tanki bayan ta dawo daga Islamiyya tana ba su labarin abin da aka koya musu. Har uwargida ta fara yaba mini dabara.

Wani daren Janairu na 2019, wanda ba zan manta da shi ba, aka yi sa'a, ko in ce rashin sa'a, ba a ɗauke wuta ba tun daga isha'i har asuba. Na fito zan tafi masallaci sai na ji wani irin motsi a falo. Da na kunna fitila sai na ga gilashin ya yi gumi, kifayen duk sun taru a saman ruwa suna buɗe baki suna haki, biyu daga cikin masu alkyabba kuwa sun riga sun kwanta a gefe guda. 'Yar fitilar hitar tana nan a kunne jawur. Na tsoma hannu na ji ruwa kamar wanda aka sirka don wankan jariri. Na zare fulogi, na ruga ɗaki na ɗauko ma'aunin da muke gwada zazzaɓin yara, na tsoma. Ya nuna 36.

Na so in kwara musu ruwan randa gaba ɗaya, amma Allah ya sa na tuna maganar malamin cewa sauyin gaggawa shi ma kisa ne. Na buɗe murfin, na riƙa kwasar ruwan da kofi ina mayar da mai sanyi kaɗan-kaɗan. Ina cikin haka sai na ji mutum a bayana. Uwata ce, lulluɓe da zanen barcinta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta daɗe tana kallon tankin, sannan ta ce, "Baffa, wancan mai tsagaggen fiffiken Abba ne ya sayo shi ranar da na shiga aji ɗaya." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kafin hantsi na uku ma ya bi 'yan uwansa. Cikin masu alkyabba 4 da Yaya ya yi shekaru yana tattali, ɗaya tal ya rage, da gufi 'yan kaɗan. Ɗarin Jos ya yi mako yana ɗauka ɗaya-ɗaya, hitar da na sayo da hannuna ta yi nata aikin a dare guda.

Ban iya jefar da ita ba sai da na san abin da ya faru. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da dutsen guga a unguwarmu. Ya fasa bakinta a hankali ya zaro kayan cikin, ya nuna mini wani siririn ƙarfe kamar tsinken sakace. Ya ce ƙarfe biyu ne iri daban-daban aka manne, ɗaya ya fi ɗaya miƙewa in ya ji zafi, saboda haka in ɗumi ya kai sai ya lanƙwashe ya saki wuta, in ya huce ya dawo ya taɓa. Duk taɓawa da saki kuwa sai ɗan tartsatsi ya tashi. Shekara da shekaru ana haka, bakin ya cinye, ya yi baƙi, ran nan kawai ya narke ya manne da ɗan uwansa. Ya ce, "Ka ga, Malam, ba ta mutu ba. Da mutuwa ta yi da da sauƙi. Ji ne ta daina yi."

Wannan magana ta dattijon ita ce ta sauya mini tunani gaba ɗaya. Ni na je kasuwa ina neman hitar da ta iya zafi, alhali kowace hita ta iya zafi, har ta bokiti. Abin da ya kamata in nema shi ne wadda ta san lokacin da ya isa. Daga nan na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Hita mai wat 300 a cikin ruwa lita 100, in ta maƙale a kunne, tana iya ƙara masa wajen digiri 2 zuwa 2 da rabi a kowace awa. Mai wat 100 ba ta kai digiri 1 ba. Mai wat 50 kuwa ko rabin digiri ba ta cikawa. Wato ƙarfin nan da mai shago ya yi mini talla da shi, shi ne wuƙar. Ga kuma wani abu: ruwa in ya yi zafi iskar shaƙa da ke cikinsa raguwa take yi, a daidai lokacin da jikin kifi ya fi bukatarta. Abin da ya tara su a sama suna haki ke nan.

To, a karo na biyu ban yi garaje ba. Mako biyun nan da 'yan uwa suka yi wa dariya, a nan suka tafi, muna ta fama da bargo da gorunan ruwan ɗumi kafin in samu abin da nake so. Ga abin da na tsinta, na kuma ga amfaninsa a shekarun da suka biyo baya.

Da farko, girman hita ya dace da girman tanki. Abin da masu kiwon kifi suka saba bi shi ne kimanin wat 1 ga kowace lita, a ɗan ƙara in ɗakin mai sanyi ne ƙwarai. Ni wat 100 nake bukata, amma maimakon guda ɗaya sai na sayi biyu masu wat 50, na sa ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. In ɗaya ta mutu, ɗayar za ta riƙe ruwan kada ya yi sanyi ƙalau kafin in lura. In ɗaya ta maƙale, ba ta da ƙarfin da za ta dafa mini kifi kafin gari ya waye. Masu hali sukan ƙara da wata na'ura ta daban wadda ake jona hitar a jikinta, tana da nata ma'aunin a cikin ruwa, in zafi ya wuce iyaka ta yanke wutar ko da makunnin hitar ya manne. Daga baya ni ma na yi ƙoƙari na saya.

Na biyu, na daina yarda da shaidar hita a kan kanta. Lambar da ke jikinta alkawari ne kawai, sau da yawa takan saɓa da digiri 1 ko 2 ko da sabuwa ce. Dole a sami ma'aunin zafi na daban, a maƙala shi nesa da ita, shi ne zai faɗi gaskiyar abin da ke cikin ruwa. Kuma kafin in sa sababbin a tanki sai da na gwada kowace a babban bokiti kwana ɗaya cur, na saita ta a 25, na zauna ina kallon fitilarta tana kamawa tana mutuwa, ina duba ma'auni. Abin da nake son gani shi ne mutuwar fitilar, ba kamawarta ba.

Na uku, a karanta rubutun da ke jiki. Wutarmu ta nan bolt 230 ce, kayan hannu da ke zuwa daga Amurka kuwa yawancinsu na bolt 110 zuwa 120 ne, in aka jona su kai tsaye ƙonewa za su yi. Lambobinsu ma na ma'aunin Faranhait ne, inda 78 take daidai da kusan 25 da rabi a namu. A duba ko an rubuta ana iya nutsar da ita gaba ɗaya, a duba layin da ke nuna iyakar inda ruwa zai tsaya. In an ga raɓa ko tsatsa a cikin bututun, ko tsagewa komai ƙanƙantarta, a ajiye ta ko kyauta aka bayar. Akwai na gilashi, akwai na roba mai tauri, akwai na ƙarfen taitaniyam da ba ya fashewa. Amma ni dai na yi rantsuwa tsakanina da hitar hannu, domin ba wanda zai iya gaya maka sau nawa bakin makunninta ya yi tartsatsi a gidan wani.

Na huɗu, ko hita ta gari tana son a iya zama da ita. A sa ta kusa da inda na'urar tace ruwa ke turo ruwa, don ɗumi ya zagaya ko'ina. In an tsoma ta a bar ta kamar minti 20 kafin a jona. In za a rage ruwa a zare fulogi tukuna a bari ta huce, domin gilashi mai zafi in ya fito iska ko ya gamu da ruwan sanyi fashewa yake yi, ga kuma haɗarin wuta ga mai hannu a ruwa. A bar wayar ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket, yadda in ruwa ya biyo ta zai ɗiga a ƙasa. In an ɗauke wuta a daren sanyi, a rufe tanki da bargo, a sa gorar roba mai ruwan ɗumi ta yi yawo a ciki. Ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa. In zafi ya shigo, wajen Maris, nakan zare su in adana. Kuma ba na jira sai sun lalace, bayan 'yan shekaru nakan sauya su suna cikin aikinsu.

Wanda kuma duk wannan ya yi masa yawa, akwai hanya mafi sauƙi: ya kiwata jan kifin nan da ake kira golfish, wanda asalinsa daga Sin ne, yana jure sanyi, ba ruwansa da hita a cikin ɗaki. Ni ban sami wannan zaɓi ba, domin ba ni na zaɓi kifayen ba, gadonsu na yi.

Ranar da na kafa sababbin hitocin na kira Uwata na ba ta haƙuri. Na gaya mata gaskiya, cewa ba ƙaddara kaɗai ba ce, akwai sakacina da son araha. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baffa, to wa zai riƙa duba ma'aunin?" Na ce ni. Ta ce a'a, ita za ta riƙa dubawa. Ta samo wani tsohon littafin rubutu ta ja layi, safe da dare tana rubuta kwanan wata da lamba: 25, 25, 26, 25. Na gane ba ta gama yarda da ni ba, kuma ban ji haushi ba, don ni ma abin da na koya ke nan game da hita. Sai da aka yi hunturu biyu lafiya kafin wata rana ta tafi hutu wajen mahaifiyarta ta miƙo mini littafin ta ce in riƙe mata. Ban taɓa karɓar wata takardar yabo da ta kai wannan littafi daraja a wurina ba.

Mai alkyabbar nan guda da ya tsira ya ƙara shekara 3 tare da mu kafin ya mutu don tsufa, jikokin gufin Yaya kuwa har gobe suna nan suna cika mana tanki. Uwata ta zama budurwa, littafin lambobinta ya kai na huɗu.

'Yan uwana marubuta, na san wani zai ce to ina ruwan adabi da wannan? Ni dai ban zo da wa'azi ba. Amma tun daga wancan dare, in na zauna rubutu na ji alƙalami ya ɗau zafi yana ta zuba, nakan tuna da dattijon nan mai gyaran rediyo, in ajiye, in kai wa wani ya karanta mini, wanda ba zai ji nauyin gaya mini cewa ruwan ya wuce 27 ba. Allah ya jiƙan Yaya da dukkan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana, babba da ƙarama. Amin.